Hukuncin Zaman "Kowa Ya Faɗi Abin Da Ya Zo Masa"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne muke tsara gajerun wasannin barkwanci muna ɗorawa a TikTok. Dokar zamanmu ita ce kowa ya faɗi duk abin da ya faɗo masa, ba a kushe kowa sai an gama. Ni ce mai rubutawa. Makon jiya wani ya ce a kwaikwayi kiran salla da muryar mashayi, har ya gwada, muka yi dariya, na rubuta, daga baya muka watsar da shawarar. Akwai laifi a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, tattara shawarwari kafin a tace su halal ne, shawara ce. Barkwanci mai tsafta ma ba magana a kansa.

Inda na tsaya a tambayarki shi ne "ya gwada, muka yi dariya". Da cewa ya yi "akwai masu irin wannan, mu guje shi", da ba komai. Amma ya buɗe baki ya yi, izgilin ya riga ya auku a ɗakin, ko an ɗora ko ba a ɗora ba.

Wasu na cewa irin wannan zama zancen zuci ne da aka yi da ƙarfi, kuma mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Wannan ba daidai ba ne. Hadisin Abu Huraira da ya yafe zancen zuci shi da kansa ya sa iyaka: matuƙar ba a aikata ba ko ba a furta ba. Abokinku ya furta. Batun hakaitowa kuwa, Alƙali Iyad a cikin Ashafa ya rarrabe mai hakaito mummunar magana don shaida ko gargaɗi, da mai hakaito ta don nishaɗi. Na biyun bai ba shi uzuri ba. Balle wannan ba hakaitowa ya yi ba, ƙirƙira ya yi. Kuma uzurin "wasa muke yi" shi ne dai wanda aka kawo a tafiyar Tabuka, aya ta 65 da 66 ta Suratut Tauba suka ƙi karɓa. Dokar da mutum shida suka sa wa kansu ba ta ɗage hani da mummuna na minti ɗaya.

Ban kafirta abokinku ba, hukunta mutum a karan kansa sai an zauna da shi. Ke ma kada ki je ki jefe shi da wannan kalma. Ki same shi a keɓe, ya tuba.

Ke kuwa, in dariyar ta kuɓuce miki ne zuciyarki na ƙi, ki yi istigfari, kada waswasi ya cinye ki. Ki yage shafin. In an naɗi zaman a waya, a goge yau, irin waɗannan muryoyin ne ke fita bayan an yi faɗa.

Kafin zama na gaba ku yarda: Allah, Manzonsa, ibada da mutuncin wani sananne ba sa shiga. Alƙalami na hannunki, in wani ya ƙetare iyaka ki ajiye alƙalamin ki ce "wannan ban rubuta ba". In sun ƙi, ki tashi. Kuma tunda ku maza da mata ne, kada zaman ya kai dare.

Wallahu a'alam.