Tambaya da Amsa: Shara na kira shi ya yi, ya kawo min lissafin gyara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Ni da maigidana mun sayi tsohon gida a ƙasar sanyi, akwai murhun itace a falo da bututun hayaƙi na jan bulo da ya fita ta saman rufi. Na kira mai sharar bututun hayaƙi kafin sanyi ya shigo, toh bayan ya gama sai ya ce wai bututun ya tsattsage daga ciki sai an zura sabo na ƙarfe, simintin samansa ma ya fashe, kuɗin da ya faɗa ya ninka na sharar fiye da sau goma. Ni dai gabana ya faɗi wallahi. Wayo yake so ya mana ko da gaske haka abin yake? Kuma dole ne duk shekara sai an share? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya sa albarka a gidan. Kar ki biya ko sisi tukuna, amma dan Allah kar ki kunna wuta a murhun nan sai an tabbatar da lafiyarsa.

Kuɗin da ya faɗa ba shi ke nuna macuci ba ne, haka aikin yake da tsada. Shara aikin awa ɗaya ne zuwa biyu, buroshi ne da sanduna da injin zuƙe ƙura, ya shimfiɗa ƙyalle a falo ya yi aikinsa ya tafi. Zura sabon bututu kuwa sai an sayi dogon bututun ƙarfe mara tsatsa daidai da tsawon gidan, a hau rufi, sau da yawa ma sai an kafa ƙarafunan hawa irin na magina, su kaɗai kuɗinsu ba wasa ba, in gidan bene ne ko rufin yana da gangara sosai ko bututun yana da lanƙwasa toh lissafin sai ya ƙara hawa. A Amurka misali shara ba ta cika wuce ƴan ɗaruruwan dala ba, sabon bututu kuwa maganar dubbai ake.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce miki ya tsattsage da baki kawai. Gani ya kori ji. Masu aikin suna da kyamara da ake zurawa daga ƙasa har sama, ki ce ya nuna miki bidiyon ki ga tsagar da idonki, ya turo miki a waya, sannan ki kira wasu biyu su duba ba tare da kin faɗa musu abin da na farko ya ce ba, kowa ya rubuta lissafinsa dalla-dalla, kuɗin kaya daban kuɗin aiki daban. A ƙa'idar ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka mai lamba NFPA 211 dubawa mataki 3 ce, kuma mataki na 2 mai kyamarar nan shi ake so a yi duk lokacin da gida ya canza hannu, kinga ke dama kin cancanci a yi miki shi. Wanda ya ƙi nuna hoto yana ta tsoratar da ke cewa sai yau sai yau, ko ya ce a ba shi duka kuɗin kafin ya fara, ki sallame shi.

In kuwa tsagar gaskiya ce toh ba abin wasa ba ne. Itace in yana ci, musamman ɗanye, hayaƙinsa yana daskarewa a jikin bututu, da farko kunkunniya ce mai laushi da buroshi ke kwashewa, in an bar ta sai ta zama ɓawo, daga nan ta koma kamar kwalta mai ƙyalli wadda buroshi baya iya mata komai sai an sa magani ko injin kankarewa, nan ma kuɗin shara ya ƙaru. Ita wannan kwaltar tana kamawa da wuta, zafinta yana haura digiri 1,000 a ma'aunin salshiyos, shi ke fasa bututun yumɓu na ciki, wataƙila ma hakan ta faru a hannun masu gidan na da ba su sani ba. Ta wannan tsagar zafi ke kaiwa ga katakon rufi, ta nan kuma iskar kabon monoksaid ke sulalowa ɗakunan kwana, ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi. Ki sayi ƙararrawar gano wannan iskar yau ɗin nan, ba tsada gare ta ba.

Maganar simintin sama kuwa ita na fi so ki riƙe, domin yawancin manyan kuɗin gyaran nan ruwa ne ke jawo su, ba wuta ba. Ƴar tsaga ce a saman, ruwan sama ya shiga ya kwanta, dare ya yi sanyi ya zama ƙanƙara, ƙanƙara ta kumbura ta buɗa tsagar, gobe ta narke ruwa ya ƙara shiga ciki, a haka a haka har fuskar bulo ta fara ɓantarewa, simintin tsakani ya zama gari ki sa ɗan yatsa ki kwakulo shi. Tun tana ƙarama liƙewa kawai za a yi, in ta kai ga simintin tsakanin bulo sai an kira birkila ya sake cikewa, in kuma bututun ya karkace sai rushewa a sake gini. Ki sa a duba dalmar da ke naɗe da gindin bututun inda ya haɗu da rufi, nan ne yoyo ya fi farawa, in kin ga tabon ruwa a silin kusa da murhu toh daga nan ne galibi. A sa masa hula mai raga a baki, tana tare ruwa da ganye da tsuntsaye. Tsuntsayen nan ma kuɗi ne, cire sheƙa daban ake caji, kuma a Ingila dokar 1981 ta hana taɓa sheƙar da tsuntsu ke ciki sai ƴaƴan sun tashi.

Duk shekara kuwa, eh a duba duk shekara ko da ba ki kunna sosai ba. In itace kike ƙonawa kullum lokacin sanyi sau biyu ya fi. A Jamus da Faransa ma doka ce ba ganin dama ba. Ki kira su bayan sanyi ya wuce, lokacin ba layi kuma in akwai gyara siminti zai samu ya bushe, ki nemi mai takardar shaidar aiki, ki adana rasit da takardar sharar domin kamfanin inshora yana iya tambaya in Allah ya kiyaye gobara ta tashi. Itace kuma busasshe, wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba.

Tambaya: Malam mu ba ma kunna namu sam, da gas muke ɗumama gida. Mu toshe shi kawai mu huta? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa ka fara tabbatarwa injin ɗumama gidan ko na ruwan zafi ba ta wannan bututun yake fitar da hayaƙinsa ba, a tsofaffin gidaje ana yin haka sosai, ka toshe ka mayar wa iyalinka da guba cikin gida. In ba abin da ke bi ta ciki, a share shi sau ɗaya a sa hula a sama, amma a bar ƴar kafar iska sama da ƙasa, in ka liƙe shi ruf danshi zai taru ya fito maka a bango. Ginin da ke saman rufi kuma yana nan ruwa na dukansa, ka riƙa sa a leƙa shi lokaci-lokaci.