Amsa kan duwatsun Stonehenge da gawawwakin da aka ƙona

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Malam, na ji tambayarka kan hoton duwatsun nan na tsaye da ka turo, inda kake son sanin ko gaskiya ne akwai kaburbura a ƙarƙashinsu. Wurin shi ne Stonehenge, a karkarar Wiltshire da ke kudancin Ingila, kuma tun kafin a kafa manyan duwatsun da kake gani, makabarta ce.

Wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, mutanen yankin suka haƙa rami a kewaye, suka tara ƙasarsa a gefe, kamar dai ganuwa da gwalalonta. Ba su san ƙarfe ba, da ƙahon barewa suka yi haƙar. Daga ciki suka jera ramuka 56, kuma a cikinsu da gefen ramin ne aka riƙa binne ƙasusuwan mutanen da aka ƙona, maza da mata har da yara. Manyan duwatsun, waɗanda ɗaya kan kai tan 25, sai bayan kimanin shekara 500 suka zo.

Na san batun ƙona gawa yana da nauyi a kunnenmu, mu da muke wanke mamaci mu yi masa sutura mu kai shi makwancinsa. Amma kada mu ɗauka wulakanci suka nufa. Wanda ya tara itacen da zai cinye gawa, ya jira wuta ta mutu, ya durƙusa yana tsince ƙasusuwa daga toka ɗaya bayan ɗaya, ya ƙunshe su a cikin abin da masana ke zaton jakar fata ce, wannan mutum mamacinsa yake girmamawa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda aka yi da ƙasusuwan daga baya. Wani mai binciken kayan tarihi, William Hawley, ya tono su a shekarun 1920, amma masana na lokacin ba su ga amfaninsu ba, sai a 1935 aka haɗa su a buhuna aka mayar cikin rami guda, na wannan ya cakuɗe da na wancan. A 2008 masanin kayan tarihi Mike Parker Pearson da abokan aikinsa suka sake buɗe ramin, aka zauna ana rarrabe gutsattsarin da haƙuri.

A 2018 aka fitar da sakamakon gwajin ƙasusuwan mutum 25. Akwai sinadarin sitirontiyom da ke shiga ƙashi ta abincin da mutum ke ci, ya riƙe alamar ƙasar da ya zauna, kuma zafin wutar ne ma ya kulle wannan alama. Aƙalla mutum 10 ba a kusa da Stonehenge suka yi shekarunsu na ƙarshe ba. Alamarsu ta dace da yammacin Birtaniya, har da yammacin Wales, kuma daga can ne, daga tsaunukan Preseli, aka ɗauko ƙananan duwatsun wurin, tafiyar fiye da kilomita 200 a zamanin da babu keke ko amalanke. Saboda haka wasu masana ke ganin an ƙona wasunsu can gida, sannan dangi suka ɗauko ƙasusuwan suka biyo hanyar da duwatsun suka bi.

Allah ya sa na amsa maka, Malam. Wassalam.