Famfon Ruwa, Fuli da Baraket: Amsoshin Tambayoyin Masu Tsofaffin Motocin Kaya

Tambaya ta farko ta zo ne daga wani mai karatu a Funtuwa, wanda ya rubuto cewa: "Ina da Marsandi 911 da nake ɗaukar hatsi da ita zuwa kasuwar Dawanau. Famfon ruwan injin ya fara ɗiga, kuma yana ƙara idan an tayar da mota da safe. Na je Ƙofar Ruwa an nuna mini sabo mai araha a cikin kwali, da na Beljiyam wanda aka ciro daga wani inji, sannan wani ya ce in sayi boris da sil kawai a gyara mini nawa. Makanikena ya ce in ɗauki mai arahar, idan fuli bai hau daidai ba zai cike da washa. Wanne ya kamata in saya?"

Alhaji, kafin maganar wanda za ka saya, akwai maganar wanda zai dace da injinka, kuma ita ce gaba. Yawancin motocin 911 da ke kan hanyoyinmu suna ɗauke da injin OM352 ne, mai silinda shida da girman lita 5.7, wanda kamfanin Mercedes-Benz ya fara ƙerawa a 1964. Wannan inji bai tsaya a mota guda ba. An sa shi a manyan motoci masu gajeren hanci irin taka, an sa shi a Unimog (motar Marsandi ta shiga daji da aikin gona) da taraktoci da bas-bas da janaretoci, an ƙera shi a Jamus an kuma ƙera shi a Birazil, sannan tun farkon shekarun 1980 kamfanin ANAMMCO na Inugu ya riƙa harhaɗa motocin Marsandi a nan gida. Kowace mota da yadda aka tsara gabanta: tazarar da ke tsakanin inji da lagireto, da wurin da fanka ke zama, da yawan bel da ke zagaya fuli. Saboda haka famfo biyu za su iya hawa jikin inji ɗaya, ramukan notinsu su dace sarai, amma wuyan ɗaya ya fi na ɗayan tsawo. Mai shago da ya ce maka "na 352 ne" bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya maka abin da kake bukatar sani ba.

Abin da za ka yi shi ne a kwance tsohon famfon tare da fulinsa, ka tafi da su kasuwa. A kife tsohon da wanda za ka saya a kan tebur mai fuska sumul marar tudu, gefen da ke manne wa inji yana ƙasa, a auna tsayi daga tebur zuwa fuskar da fuli ke zama a kai. Wannan awo shi ne kan gaba, kuma bambancin milimita biyu ko uku ya isa ka ajiye famfon ka nemi wani. Daga nan a gwada tsohon fuli a kan sabon famfo a ga ko ramin tsakiya ya shige ba tare da wasa ba, ko ramukan noti sun fuskanci juna. A dubi bakin da tiyo ke shiga, girmansa da inda ya fuskanta. A ƙarshe a juya su a kwatanta farfelar ciki: faɗinta, yawan fikafikanta, da ɓangaren da suka karkata. Idan akwai lamba da aka zuba a jikin ƙarfen tsohon famfon, a goge ta da burushin waya a rubuta, domin ta fi kowace shaidar baki amfani a wurin dillali.

Game da zaɓi ukun kuwa, ra'ayina a fili yake. Idan jikin famfonka na asali ne, bai tsage ba, tsatsa ba ta cinye wurin zaman sil ba, kuma boris bai sassaƙe mazauninsa ba, to gyara naka da kayan gyara masu kyau ya fi komai dacewa, saboda dalili guda mai ƙarfi: an riga an san tsayinsa ya dace da fulinka da baraket ɗinka. Sharaɗin shi ne a kai wa wanda ke da injin matsa ƙarfe, wanda zai auna inda kan famfon da farfela suke kafin ya fitar da su, ya mayar da su daidai wurin. Wanda zai ɗauko guduma da guntun bututu ya buga boris, ya riga ya kashe shi kafin a ɗaura, kuma idan farfela ta yi nisa da bangon famfo za ta riƙa juyawa ba tare da tura ruwa sosai ba, inji ya yi ta zafi a hawan tudu a rasa dalili.

Idan jikin ya lalace, sabo daga kamfanin da aka sani shi ne na biyu, ko da ya fi tsada. Na Beljiyam ina sa shi a ƙarshe, domin sil ɗin famfon da ya daɗe a ajiye a bushe yakan ƙeƙashe, sai a ɗaura shi ya yi 'yan makonni ya fara zuba. Amfaninsa shi ne a saye shi saboda jikinsa na asali, a sa masa sabon boris da sil tun kafin a ɗaura. Shi kuwa mai arahar nan na kwali marar suna, araha ba ta ado. Riƙe kansa ka girgiza: bai kamata ka ji wasa ko kaɗan ba. Juya shi da hannu: ya kamata ya juya sumul da ɗan nauyi, ba tare da gurzawa ba. Dubi ƙasan wuyansa ka tabbata akwai ɗan ramin nan da ruwa ke fitowa idan sil ya mutu, kuma kada ka yarda kowa ya toshe shi da gam, domin idan aka toshe shi ruwan zai bi ta cikin boris ya wanke giris ɗinsa.

Shawarar cikewa da washa ban yarda da ita ba, kuma ina so ka fahimci dalili. Fulin famfo yana zama ne a kan wani ɗan tudu da ke tsakiyar kan famfon, wanda shi ke riƙe shi ya juya a tsakiya. Idan aka jera washa a bayansa aka turo shi gaba, zai iya sauka daga wannan tudu ya rataya a kan noti kaɗai, sai ya riƙa rawa yana juyawa. A motar da fanka ke ɗaure a kan famfo, wannan rawar tana karya boris, kuma ranar da sandar famfon ta gutsure fanka cikin lagireto za ta faɗa. Idan dole sai an ƙara tazara, a je wurin masu sassaƙa ƙarfe su yi faranti guda mai kauri daidai da bukata, mai nasa tudun a tsakiya, a kuma sa noti masu tsawon da ya dace. Idan kuma famfon ne ya fi tsawo, babu washar da za ta gyara wannan. Mayar da shi za a yi.

Wajen ɗaurawa, a kankare tsohon gasket tas har ƙarfe ya fito, a sa sabo, a shafa gam kaɗan idan da bukata, domin wanda ya yi yawa yakan ɓalle ya shiga ya toshe hanyoyin lagireto. A ɗaure noti kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Noti mai kaurin milimita 8 da aka rubuta 8.8 a kansa, ƙarfin ɗaurinsa wajen Nm 25 ne, wato abin da hannu ɗaya zai yi da gajeriyar sifana, ba a ƙara mata bututu ba. Kuma a lura da tsawon kowane noti a mayar da shi raminsa.

Tambaya ta biyu daga Gusau take: "Na cire ƙaramar altaneta na sa babba saboda na ƙara fitilu. Mai walda ya haɗa mini baraket. Tun daga lokacin bel yana tsinkewa ko ya fice, baraket ɗin ya tsage sau biyu. Shin bel ɗin kasuwa ne ba su da kyau, in nemi masu tsada?"

Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna, domin bel mai tsada ma haka zai ƙare a wannan injin. Bel da ke ficewa ko yake cinyewa ta gefe ɗaya yana nuna fulolin ba sa kan layi ɗaya. Gwajin ba ya bukatar komai sai miƙaƙƙen ƙarfe, kamar rular magina. A kashe inji, a cire kan batir, a ɗora rular a fuskar fulin ƙasa na karanshaf, wanda shi ne ba ya gusawa kuma a kansa ake daidaita saura. A auna daga rular zuwa tsakiyar kwarin kowane fuli, domin kaurin leɓen fuloli yakan bambanta kuma fuska kaɗai tana ruɗi. A tazarar milimita 200 tsakanin fuli biyu, kaucewar da ta kai milimita 2 ta yi yawa. A duba kuma ko altanetar ta karkace, wato fulinta yana kan layi ta gaba amma ya kauce ta baya, wanda shi ne ciwon yawancin baraket ɗin da aka yi a gaban mai walda da ido.

Tsagewar baraket kuma tana da nata dalilan. Altaneta mai ba da amfiya 55 a kan wutar bolt 28 tana fitar da kimanin wat 1,500, kuma da yake kusan rabin ƙarfin da take karɓa ne ke zama wuta, tana jan abin da ya kai ƙarfin doki huɗu daga bel. Ƙara wannan a kan nauyinta da girgizar injin dizal da ramukan hanya. Guntun ƙarfe siriri da aka maƙala a noti ɗaya ba zai jure ba. Baraket na kirki yana riƙe ƙafar altaneta ta gaba da ta baya da dogon noti guda, yana zaune a jikin inji a wuri biyu ko uku, sannan akwai hannun sama mai dogon rami na jan bel. Kada a rataya shi a kan notin famfon ruwa sai idan haka kamfani ya tsara, domin girgizar za ta sassauta su famfon ya fara tsiyaya. Shawarata ita ce ka je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa ka nemi altaneta da baraket ɗinta da hannunta da notinta da aka ciro daga inji irin naka, ka saye su a haɗe. Idan ba a samu ba sai an ƙera, a yi da ƙarfe mai kaurin milimita 8 zuwa 10, a sa masa haƙarƙari a kusurwa, a ɗiga walda kaɗan a gwada da rula a kan inji, sannan a sauke a ƙarasa waldar a ƙasa. A yi amfani da noti 8.8 ko 10.9, ba na kafintoci marasa lamba ba.

Akwai kuma faɗin kwari. Bel ɗin waɗannan motoci galibi iri biyu ne, mai faɗin milimita 9.5 ko 10, da mai 12.5 ko 13, kuma a bayansa ake rubuta faɗin da tsawon. Altanetar da aka ciro daga wata mota tana iya zuwa da fuli mai ƙaramin kwari, sai babban bel ya hau samansa ya kasa zama. Irin wannan bel da gefunansa yake kama fuli, don haka idan ka ga ƙasan kwarin yana sheƙi kamar an goge shi, bel ɗin ya kai ƙasa ke nan, ko dai ya yi siriri ko fulin ya cinye, kuma jan sa da ƙarfi ba zai hana shi santsi ba, boris ɗin famfo da na altaneta kawai zai kashe. Daidai ja shi ne ka danna da babban yatsa a tsakiyar tazara mafi tsawo ya lotsa kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Sabon bel yana miƙewa, sai a sake dubawa bayan tafiyar farko. Inda bel biyu ke tafiya tare, a canza su tare, iri ɗaya daga kamfani ɗaya.

Na ukun daga Maraɗi ya aiko, kuma gajeriya ce: "An ce in sa ƙaramin fuli a famfo don ya ƙara gudu, in kuma cire tamostat, inji zai daina zafi. In saya?"

Lissafin gaskiya ne: idan fulin ƙasa milimita 180 ne na famfo kuma 150, famfon yana juyawa sau 1.2 a kowane juyin inji, kuma rage fulin zai ƙara wannan. Amma fankar da ke kansa ita ma za ta ƙara gudu da jan ƙarfi, bel zai rage wurin kamawa, kuma famfon da ya wuce kima yakan tayar da kumfa a bayan farfela har ta zaizaye. Injin da ya yi shekaru yana aiki lafiya da fulinsa sannan ya fara zafi, ba fulin ne ya canza ba. A fara da wanke lagireto ciki da waje, a duba murfinsa, domin murfi mai riƙe matsi na rabin "bar" (ma'aunin matsi) yana ɗaga zafin tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 111. Tamostat kuma, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗauki zafi, a gwada shi a cikin ruwan zafi, idan ya mutu a sayi sabo mai lamba irin ta tsohon. A injuna da yawa shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke komawa famfo kai tsaye, don haka cire shi yana sa wani kason ruwan ya daina bi ta lagireto. Kuɗin da za ka kashe a kan fuli, ka sayi ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa da shi, ka gauraya da ruwa mai tsabta kamar yadda aka rubuta a jikin galan, ka daina zuba ruwan rijiya ko na kududdufi, wanda ƙasarsa da gishirinsa ke cinye sil ɗin famfo.