Bas ta maƙale a giya ɗaya: a canza ƙwaƙwalwar giya?

Malam, ka ce bas ɗin aikinka tana maƙalewa a giya ɗaya, bakanike ya ce a canza ƙwaƙwalwar giyar, wato na'urar da ke sarrafa canjin giya. Kada ka yi gaggawa. A fara jona mata kwamfuta. In kwamfutar ta fito da lambar P0700, matsala a ɓangaren giya kawai take nunawa, ba ta ce ƙwaƙwalwar ta mutu ba. Tawa haka ta yi bayan damina, ashe soket ne ya yi tsatsa. A duba batir, wayoyi da man giya tukuna.

In ta tabbata ƙwaƙwalwar ce, ka shiga Sabon Gari da tsohuwar a hannu, lambar jikinta da ta wadda za ka saya su zo ɗaya. Kama da wane ba ta wane. A cire kan batir kafin ɗaurawa. Saitin kuwa, bar wa ƙwararren mai wayarin, domin yawancinsu sai an saita su da kwamfuta.