Furen Helichrysum a Kumasi

Hajiya, kin tambaya ko furen Helichrysum, wanda ko ya bushe launinsa ba ya gushewa, zai rayu a Kumasi. Zai rayu, amma a tukunya mai huji a gindi, cikin yashi da 'yar ƙasa, inda rana ke bugawa sosai.

Shuka ce da a Afirka ta Kudu ma ake dafa ganyenta don tari. Yawan ruwa ke kashe ta. Tawa ta farko a unguwar Aboabo, nan Kumasi, ruwan Yuni ya ruɓar da saiwarta, ganyen nan mai toka-toka ya yi baƙi. Wallahi na ji zafi. Yanzu da hadari ya haɗu sai in ja tukunyar ƙarƙashin rumfa, kuma ba na ba ta ruwa sai na tura yatsa na ji ƙasar a bushe.