Amsa: Shin dutse yana girma?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne dutse yana girma kamar yadda kakanninmu ke faɗa. Ba ya girma, sauya kama yake yi, sai dai a hankali ƙwarai.

Ɗauki tsakuwar da tifa ke zubewa a wurin gini. Giranit ne, narkakken dutse da ya huce a can ƙarƙashin ƙasa. Duba shi da kyau, za ka ga ƙwayoyi farare da baƙaƙe suna walƙiya. Sanyin da ya yi sannu a hankali ne ya ba su girma. Rana da ruwan sama su farfasa shi, ya koma yashi irin na Kogin Challawa. Yashin ya taru, ya danne, ya sake daskarewa ya zama wani dutsen. In ya nutse ƙasa, zafi da nauyi su gasa shi ya sauya, har ya narke.

Dutsen Dala na Kano kuwa, wanda na fi so, marmara ce ta lulluɓe shi: ragowar dutsen da ruwa ya wanke ya bar ƙarfe. Jan nan tsatsa ce. Tun a ƙarni na 7 maƙera suka riƙa narka tama a wurin.