Kanumfarin da ba ya ƙamshi, da garin da ke aiki cikin dare ɗaya

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a Agege, ina sayar da kanumfari, citta, habbatus sauda, garin zogale da sauran magungunan gargajiya. Wani kayan daga Kano ake aiko min, wani kuma a Mile 12 nake sarowa. Kwanan baya na sari kanumfari, a ido ba shi da laifi, amma ko an tauna ba ya yaji, ƙamshin ma kaɗan ne. Sannan mahaifiyata tana shan wani gari na ciwon gwiwa da aka ce mata zallar itatuwa ne. Washegarin da ta fara sha ta miƙe, amma yau wata huɗu ke nan, fuskarta ta kumbura ta yi suntum. Shin ana algus a maganin itace kamar yadda ake jabun ƙwaya? Ta yaya zan gane?

Wata mai karatu, Agege, Legas

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Mama lafiya. Da maganarta zan fara, don ita ce ba ta jiran gobe.

Sauƙi cikin dare ɗaya, bayan 'yan watanni kuma fuska ta cika ta yi zagaye, wannan ita ce alamar wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin asibiti masu rage kumburi irin su dexamethasone ko prednisolone. Masu ha'inci sukan niƙa irin waɗannan ƙwayoyi, wani lokaci har da maganin ciwo diclofenac, su zuba cikin garin ganye, don mai sha ya ji sauƙi nan take ya dawo ya ƙara saye. Ɓarnar tana tafe a hankali: hawan jini, hawan suga, raunin ƙashi, gyambon ciki, jiki ya kasa kare kansa daga cuta. Ki kai ta asibiti cikin wannan makon, ko Babban Asibitin Orile-Agege ko asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja, ki tafi da ragowar garin a ledarsa, ki faɗa wa likita ranar da ta fara sha da yawan abin da take ɗiba. Abu ɗaya nake roƙon ki: kada ki ƙwace garin yau ki zubar. Jikin da ya saba da irin wannan magani yakan rage sarrafa nasa sinadarin mai irin wannan aiki, in aka yanke masa lokaci guda jini na iya faɗuwa, mutum ya galabaita har ya kai ga halaka. Likita ne zai tsara yadda za a janye shi sannu a hankali.

Wannan shi ne algus mafi muni, kuma bai tsaya ga ciwon gwiwa ba. Ana samun sildenafil, wato sinadarin da ke cikin Viagra, a magungunan ƙarfin maza, glibenclamide mai saukar da suga a na ciwon suga, sibutramine a na rage ƙiba, alhali shi tun 2010 aka janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka saboda illarsa ga zuciya. A Singafo a 2008, mutum 150 waɗanda ba su da ciwon suga aka kwantar a asibiti sugansu ya faɗi ƙasa warwas bayan sun sha magungunan ƙarfin maza, wasunsu da sunan na ganye, ashe da glibenclamide a ciki. Huɗu daga cikinsu suka mutu.

To, mu dawo kan kanumfarinki. Mai yiwuwa saura aka sayar miki, wato wanda aka riga aka tatse mansa aka sake shanyawa. Amfanin kanumfari duk a mansa yake, kuma mai kyau yakan ƙunshi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na mai. Gwajinsa ba ya buƙatar kuɗi. Ki danna jikinsa da farce, mai kyau zai ɗan fitar da maiƙo, ƙamshin ya kama miki yatsa. Ki kuma jefa kamar goma cikin kofin ruwa: mai mai zai nutse ko ya tsaya a tsaye kansa na sama, wanda aka tatse kuwa sai ya kwanta a kan ruwa kamar tsinke. Ki duba buhun har ƙasa, don akan cika shi da sanduna da waɗanda kansu ya kakkarye. Haka ake yi wa citta, a jiƙa ta a cire yajin, a busar a sayar da gawar.

Akwai kuma musanya da abin da ya yi kama. Irin albasa baƙi ne ƙanana, da wuya ido ya raba shi da habbatus sauda in an gauraya, amma ki murza kaɗan a tafin hannu: habbatus sauda tana da ƙamshi mai ɗan yaji, irin albasa kusan lami ne. Busassun 'ya'yan gwanda an daɗe ana cusa su cikin baƙin barkonon Indiya. Masoronmu yana da ɗan wutsiya a jikin kowace ƙwaya, ɗan gwanda ba shi da ita.

Ba kowace musanya ce ake yi da gangan ba, kuma wannan ya fi tayar min da hankali, don mai sayarwa da mai saye duk suna cikin duhu. A Burusel, babban birnin Beljiyam, tsakanin 1990 da 1992, wani asibitin rage ƙiba ya ba mata haɗin da ya kamata ya ƙunshi saiwar Stephania tetrandra. Abin da ya shiga a madadinta shi ne Aristolochia fangchi, domin a harshen Sin sunayen biyu sun yi kusa. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya aka same su da ciwon daji a hanyar fitsari. Kada ki ce abin na nesa ne. Duman dutse da muke da shi a Arewa ɗan gidan Aristolochia ne, dangin da aka sani da gubar da ke lalata ƙoda. Mu ma kuma muna da ruɗanin suna: itace ɗaya, sunansa daban a Kano, daban a Sakkwato, ga shi a nan Legas ciniki na gudana tsakanin Bahaushe da Bayarabe, kowa da sunan da ya gada. Sassaƙe in ya bushe, madaci da wanda ba madaci ba sai gwani.

Duk waɗannan dabaru da na ba ki suna aiki ne muddin abu yana ɗanyensa ko busasshensa, ba a daka ba. Da zarar ya zama gari, ido ya tashi aiki. Garin zogale na iya ɗaukar kowane koren ganye, da dusa, da garin rogo. Kurkur na iya ɗaukar rini. A Bangaladash bincike ya gano ana zuba wa kurkur wani rawayan fenti mai dalma don ya yi kyan gani a kasuwa, mu kuwa ba ma buƙatar a yi mana bayanin dalma, mun ga yara sama da 400 da ta kashe a Zamfara a 2010. Shi ya sa shawarata gare ki a matsayinki na mai shago ita ce ki riƙa sarin ganye da saiwa da ƙwaya yadda Allah ya halicce su, ki tsince, ki kai injin niƙa da kanki kina tsaye. Ribar za ta ɗan ragu, amma kin san abin da kika ƙulla a leda.

In dole sai gari, ga abu biyu. Ki zuba cokali ɗaya a kofin gilashi mai ruwa, ki juya, ki bar shi ya kwanta: yashi da ƙasa za su taru a gindi, rini kuma yakan saki launi nan da nan ya bar tabo mai kauri. Sannan ki sayi ruwan aidin a kemis, ki ɗiga a kan ɗan garin da kika dama. In ya koma shuɗi mai duhu, akwai sitaci da yawa a ciki. Wannan gwaji na garin kanumfari ne da garin ganye irin zogale. Kada ki yi shi a kan citta ko kurkur, su da ma da sitacinsu aka halicce su, sai ki zargi mutum a banza.

Mu a ɗakin gwaji abin da muke ƙarawa shi ne duba garin da madubin ƙara girma, domin kowane ganye yana da irin gashinsa da ƙwayoyin halittarsa. Mukan ƙona shi mu auna tokar, in ta yi yawa an san akwai ƙasa. Mukan kuma rarrabe sinadaransa mu kwatanta da na asali, a nan ne ƙwayar asibiti da aka ɓoye take bayyana. Ma'aunin da ake bi yana cikin kundin magungunan ganye na Najeriya da aka fara fitarwa a 2008.

Wani algus ɗin kuma a shagonki zai iya faruwa ba da nufinki ba. Kayan da ya bushe ƙarau a Kano, in ya sha damina ɗaya a Legas sai ya ja danshi ya yi fumfuna, wata fumfunar kuwa tana fitar da gubar aflatoxin mai lalata hanta, wadda tafasawa ba ta kashe ta. Ki ɗaga buhu daga ƙasa a kan katako, ki nisanta shi da bango, ki zuba na sayarwa a mazubi mai murfi, kada ki sari abin da ya fi ƙarfin wata biyu ko uku. Wanda ya fara warin ruma ki zubar, shanya shi a rana ba ya mayar da shi lafiyayye.

Na kwalba da na kwali kuwa, ki nemi lambar NAFDAC. Lambar yawancin magungunan ganye tana ƙarewa da harafin L, ma'anarta hukumar ta duba cewa ba ya cutarwa, ba wai ta tabbatar yana warkar da jerin cututtukan da aka rubuta a jikinsa ba. Lambar ma ana buga ta jabu, don haka ki haɗa da sunan kamfani, adireshi da ranar lalacewa. Garin da Mama ke sha kuma, bayan likita ya gani, ki raba shi biyu, ki ajiye rabi, ki kai rabi ofishin NAFDAC da ke Isolo tare da bayanin inda aka saya. Suna da ɗakin gwajin magunguna a Yaba, kuma ba Mama kaɗai ke shan wannan garin a Agege ba.